Karatun da Aka Aika Gatawa

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau bayan an tashi, Malam Illo, shugaban Islamiyyarmu, ya tara mu malamai mata huɗu a inuwar dogon yaro. Zancen yaran da iyayensu suka koma da su Gatawa da Kurawa don girbi ne. Ajina kaɗai an ɗebe goma sha ɗaya, kuma ba su dawowa sai an shigar da dawa, shi ma in hanya ta yi lafiya. Bara da suka dawo sai da na koma da su baya kamar ba su taɓa riƙa allo ba.

Ya ce sabuwar malama, Lubna, wadda aure ya kawo daga Isa wata biyu da suka wuce, ta zo da shawara. A ɗauki karatu a waya, a zuba a memori, a ba masu kabu-kabu su kai ƙauye. Kowane gida akwai ɗan rediyon nan mai cin memori. Kuma wai manyan ɗalibai ne za su tsara darasin da kansu, su zaɓi abin da za a sa, ita dubawa kawai za ta yi.

Ɗalibai su tsara darasi. Na rubuta ne in ga ko a takarda zai fi kama hankali. Bai fi ba.

Malam Illo ya ce, "Malama Sadiƙa, ke fa?" Na ce Allah ya sa albarka. Shekara ashirin da uku ina koyar da ƙananan surori a makarantar nan. An tambaye ni, amma bayan an gama yankewa.

Litinin, 7 ga Oktoba

Lubna ta zaɓi 'yan mata shida. Hadiyya na ciki.

Hadiyya tawa. Tana shekara goma aka kawo ta daga Gatawa lokacin da suka gudo, ko Fatiha ba ta kai ƙarshe. A hannuna ta taso sura bayan sura, yau ga ta cikin Ali Imrana. Kullum bayan la'asar in kowa ya watse ita tana zama, mu biyu, in ji karatunta in ƙara mata. Na ƙudura a raina kafin azumi za ta sauke, kuma a gabana za ta sauke. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma har kayan da za ni sa ranar na san su.

Yau ta zo ta durƙusa ta ce, "Malama, an ce aikin memori bayan la'asar ne, kwana uku a sati." Na ce to. Ta ce, "Ba ki ji haushi ba?" Na ce haushin mi? Ta yi murmushi ta tashi da sauri, har ta mance alƙalaminta a tabarma.

Na ajiye mata shi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ɗakinsu yana jikin nawa, bango ɗaya ne. Dariya kawai nake ji. Yarinyar nan Lubna ba ta zama bisa kujera, a ƙasa take zama cikinsu, in ka leƙa ba ka gane wace ce malama. Na ji tana cewa, "Ku ne kuka san ƙannenku, ku faɗa mini mi suke so." Mu a zauren Baba, Allah ya jiƙan shi, wa ya isa a tambaye shi mi yake so?

Tana kirana Inna Malama. Shekarata arba'in da bakwai, ba saba'in ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Hadiyya ce ke riƙa mata jaka yanzu daga bakin ƙofa zuwa aji. Na gani da idona sau biyu.

Astagfirullah. Jaka ce.

Talata, 15 ga Oktoba

Ranar da babu aikin memori Hadiyya ta zo karatu, amma rabin lokacin labari ne. Wai sun yi gardama kan wace sura za a fara da ita, Mu'minatu, ɗaya daga cikin shidan, ta ce daga Nasi, ita ta ce a'a, ƙanwarta Nana Hauwa tana Li'ilafi, aka ɗaga hannu ita ta ci. Wai sun gano in aka rufe taga aka sa wayar cikin kwano murya ta fi fita. Wai Malama Lubna ta ce muryarta ta fi ta kowa tsabta, ita za ta karanta.

Na ce, "Awo. To buɗe inda muka tsaya."

Ta yi tuntuɓe sau huɗu a shafi ɗaya. Da can ba ta yin biyu. Na gyara mata a hankali kamar yadda na saba, amma na ji wani abu mai kama da daɗi a cikina da ta yi na huɗun. Wanga abu ya tsorata ni. Na yi nafila raka'a biyu da na dawo gida.

Asabar, 19 ga Oktoba

Sun gama memori na farko. Malam Illo ya ce a kunna mana mu ji kafin a aika.

Ba za ni yi ƙarya a littafina ba: muryar Hadiyya ta yi kyau. Kowane harafi ya fito daga inda ya kamata, kuma na san wa ya sa mata shi a baki. Sun sa sallama a farko, sun kira sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, "Nana Hauwa, Atiku, Lailatu, ku matso kusa." Wanga dabararsu ce, kuma ta yi.

Amma tun aya ta biyu na ji abin da ya ɓace. Ta karanta surar daga farko har ƙarshe a jere, ta wuce ta gaba, ta wuce ta gaba. Babu inda ta tsaya. Yaro ba da kunne kaɗai yake karatu ba. Kana biya masa guntu, ka yi shiru, ya mayar maka da bakinsa, ka sake, ya sake. In ba ka bar masa wuri ba, ina zai sa bakinsa? Sun ɗauki karatu irin na gidan rediyo, mai daɗin saurare ana surfe. Su da suka wuce wurin tun tuni sun mance yadda aka yi suka koya. Lubna kuma ta koyi nata a kwaleji.

Malam Illo ya ce, "Masha Allah! Malama Sadiƙa, akwai gyara?"

Lubna ta juyo tana kallona, ta ce, "Don Allah Inna Malama, in kin ji wani abu ki faɗa."

Hadiyya kuma ba ni take kallo ba. Ita take kallo.

Na ce, "Karatu ya yi kyau."

Gaskiya na faɗa. Karatu ya yi kyau.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Memori goma sha biyar sun tafi da safe, Shamsu mai kabu-kabu ya ɗauka.

Laraba, 23 ga Oktoba

Maigidana, Malam Alhassan, ya tambaye ni mi ke damuna, wai na zuba gishiri sau biyu a miya. Shekara ashirin da takwas muna tare, ba ya raina irin wagga alama. Na ce gajiya ce.

Na yi ta ba kaina hujja. Ba aikina ba ne. Da na yi magana sai a ce tsohuwa na hassada. Wataƙila ma iyayen su riƙa tsayar da rediyon da kansu. Amma wace uwa ce za ta bar sussuka ta zauna tana danna rediyo aya aya? Na san amsar tun kafin in gama tambayar.

Baba ya kan ce mana wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye, akwai abin da ke jiransa. Ni kuma an tambaye ni. Sau biyu, a gaban mutane.

Asabar, 26 ga Oktoba

Hadiyya ta ce ko za a mayar da karatunmu kwana ɗaya a sati, don sun fara memori na biyu kuma ita ce shugabar 'yan shidan. Kwana ɗaya. Da kwana ɗaya ba a sauka kafin azumi, ita ma ta sani. Ta ce, "Malama Lubna ta ce in lokaci ya ƙure za ta iya riƙa jin nawa bayan mun gama ɗauka, tunda muna tare."

Na ce ta bari in yi tunani.

Shekara shida. Wata ta zo a wata na uku ta karɓi Baƙara, ranar sauka a ce ga malamarta.

Na bar rubutun haka.

Talata, 29 ga Oktoba

Ban ba ta amsa ba. Ita ma ba ta sake tambaya ba. Mun yi karatu kamar baƙi, ta gaishe ni ta tafi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Uwar Hadiyya ta shigo gari asibiti, ta zo da Nana Hauwa. Lubna da murna ta ce a kawo ta makaranta a gwada, har ta kira Malam Illo ya zo ya gani.

Nana Hauwa ta tsaya tsakiyar aji da ɗan hijabinta. Aka ce karanta Li'ilafi. Ta ɗauko da ƙarfi, da irin karin muryar yayarta sak, har inda take ja da inda take saukewa. Sai dai babu kalmomi. Farkon aya daidai, ƙarshen aya daidai, tsakiya kuwa sai gunguni mai daɗi. Kafin ta tafi ƙauye ta iya rabin surar nan tsaf, ni na koya mata. Yanzu rabin ma ya narke cikin waƙa.

Uwar ta ce, "Wallahi kullum sai mun kunna, har na gidan maƙwabta suna zuwa. Da an kira sunanta sai ta ruga. Amma ba ta cim masa, Malama, gudu yake yi."

Mu'minatu ta yi dariya ta toshe baki. Hadiyya ba ta yi ba. Lubna fuskarta ta canza, ta durƙusa ta rungume Nana Hauwa ta ce, "Kin yi ƙoƙari, laifinmu ne." Malam Illo ya gyara hula ya ce za a duba, in abin ba ya yi a bar shi.

Na zaci za ni ji daɗi. Sati biyu ina jiran wagga rana, in dai za ni faɗi gaskiya. Sai ga shi ina kallon ƙafafun yarinya 'yar shekara bakwai da ta sha rana a gona, ta zo da karatunta a lalace, kuma yara goma sha huɗu na can haka.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Su shida suka shigo ajina da safe suka zauna a baya. Ina biya wa ƙanana Ara'aita, na ga Mu'minatu na kallon agogon waya, Hadiyya na yin zane a takarda.

Da aka tashi na ce mi kuke yi? Mu'minatu, wadda bakinta ba ya riƙe magana, ta ce, "Shirunki muke aunawa, Malama." Wai jiya sun zauna su kaɗai, ba malama, suna tambayar juna yadda aka yi su suka iya. Hadiyya ta ce ita abin da take tunawa ba muryata ba ce, jirana ne. Sai suka ce bari su zo su ƙirga.

Ta nuna mini takardar. Wai a aya mai sauƙi ina jira daƙiƙa kaza, a mai wuya ina ninkawa. Wai akwai wurare uku a surar da nake maimaitawa sau uku tun kafin yaro ya yi kuskure. Ta ce, "Ta yaya kike sanin nan za su faɗi?" Na ce ban san ina yi ba. Da gaske ban sani ba. Shekara ashirin da uku, sai yau na ga aikina a rubuce, kuma da hannun ɗalibai.

Sauran suka fita. Hadiyya ta tsaya tana naɗe tabarma, wanda ba aikinta ba ne. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malama, ranar da aka kunna muku, kin ji babu wurin mayarwa?"

Da ta yi tambayar da tsiwa da na sami abin riƙewa. A hankali ta yi ta, irin yadda nake magana.

Na ce, "Na ji."

Ta ce, "To."

Ta jingine tabarmar a bango ta fita. Ko sallama.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ba ta zo bayan la'asar ba. Na zauna har aka kira magariba.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ba ta zo ba.

Na faɗa wa Malam Alhassan komai. Ya ce, "Istigfari kin yi, na sani. Saura mutane." Na ce yarinya ce, 'yar cikina ta girme ta. Ya ce, "Wace daga ciki, Lubna ko Hadiyya?"

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na je gidan Lubna da hantsi, tunda yau ajinmu na yamma ne. Tana wanke-wanke, ta miƙe da kumfa a hannu tana "Inna Malama, lafiya?" Na ƙi zama sai da na faɗa. Na ce na ji gyaran tun ranar, kin tambaye ni, na ɓoye. Ki yafe mini.

Na shirya wa kuka ko faɗa. Sai ta zauna a bakin turmi ta ce ita ma tana da nata. Wai tun farko Hadiyya ta ce a kira ni, ita ta ce a bari sai sun gama, don tana tsoron in na shigo yaran za su yi shiru su bar mini komai, kuma a ce sabuwa ba ta iya ba sai da aka tallafe ta. Ta ce, "Ko gaisuwarki tsoro take ba ni. Ba ki ɗaga murya, mutum bai san inda ya tsaya ba."

Ni? Ni ake tsoro?

Ta dama mini fura. Ta cika tsami, amma na sha.

Zancen Baƙara ba mu taɓa shi ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na zaci za su ce in karanta su ɗauka. Har na nemi izinin Malam Alhassan, ya ce in dai gidajen mata da yara za a kai, kuma ba a haɗa shi da waƙoƙi a memori ɗaya ba, babu laifi.

Ashe sun wuce nan. Hadiyya ce ta yi bayani, tana kallon allo ba ni ba. Ta ce in aka bar shiru zalla, yaro a ƙauye zai zaci rediyo ya mutu, ko ya ji kunyar yin magana shi kaɗai. Don haka a ɗauka a cikin aji na gaske. In biya, yaro ɗaya ya mayar, sannan a bar wuri fanko na wanda ke ƙauye. Kuma ba mai ƙoƙari za a sa ba, wanda ya fi kowa jinkiri za a sa, don na can ya ji yana da ɗan'uwa. In ya yi kuskure kada a goge, a bar gyaran a ciki.

Na buɗe baki in ce ba a aika kuskure cikin karatu. Sai na tuna gyaran ne karatun. Ni ban taɓa tunanin wanga ba. Lubna ma ta ce ba ta taɓa ba.

Mun ɗauki sura biyu. Sau uku ana tsayawa saboda wai muryata ba ta kai, Mu'minatu na cewa, "Malama, ɗaga kaɗan, kamar kina kiran akuya." Aji ya fashe da dariya. Na ce ni ban da akuya. Na ɗaga.

Hadiyya ce ke riƙe da wayar kusa da bakina. Ba ta yi mini murmushi ba, amma da mayafina ya zame ta gyara mini da ɗaya hannun.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Sura tara. Sun ce kowane memori sura uku kawai, ba a aika na gaba sai uwa ta aiko da saƙo ta bakin Shamsu cewa yaro ya riƙe. Wanga kam daga allo suka ɗauko shi, ba a wankewa sai an iya. Ban faɗa musu ba, su suka kawo.

Har yanzu in Lubna ta yi magana idon Hadiyya na haske irin yadda ba ya yi mini. Na lura. Za ni ci gaba da lura, ina jin, har in mutu.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Hadiyya ta zo bayan la'asar. Ba ta ce komai kan kwanakin da ba ta zo ba, ni ma ban ce ba. Ta buɗe, muka gama Ali Imrana. Tuntuɓe ɗaya.

Da ta rufe ta ce, "Malama, maganar kwana ɗaya a sati."

Na ce na yi tunani.

Talata, 19 ga Nuwamba

Shamsu ya dawo da saƙon baki daga Gatawa: gida huɗu sun ce a aiko na gaba. Na su Nana Hauwa na ciki. Wai uwar ta ce yanzu in an zo wurin shirun har ita tana mayarwa daga bakin murhu.

Mun raba Baƙara. Asabar da Lahadi wurina, Litinin da Talata wurin Malama Lubna bayan sun gama ɗauka. Ni na kawo shawarar, don lissafin kwanaki ne kawai, in ba haka ba azumi zai riske mu. Na rubuta wa Lubna wuraren da Hadiyya ke saurin faɗuwa, shafi guda, na ce ta jira ta, kada ta yi saurin ɗora mata. Ta karɓa da hannu biyu.

Malam Illo ya tambaya sunan wa za a faɗa ranar sauka. Na ce a faɗi biyu, ai takarda ba ta cika ba.

Jiya Litinin ce. Na zauna a ajina bayan la'asar ina gyaran alluna, wai. Ta bango ina jin Hadiyya na karatu, ta tsaya, aka yi shiru. Na ƙirga a raina. Lubna ta jira ta daidai.

Ya ɗan yi mini zafi. Ba kamar da ba.